TARIHIN GRACE HOPPER, MATAR DA TA KOYA WA KWAMFUTA JIN MAGANA

Duk ɗalibin da ya taɓa zama gaban kwamfuta da niyyar koyon rubuta manhaja, ko gina shafin intanet, ya san ba daga tushe yake farawa ba. Da ya shiga intanet zai tarar da littattafan jagora kyauta, da rumbuna cike da guntayen umarni waɗanda wasu suka riga suka rubuta, suka gwada, suka ajiye don kowa ya ɗiba. Saboda sabo, da yawanmu muna tsammani haka abin yake tun asali. To, ba haka ba ne. An yi zamanin da in mutum yana son kwamfuta ta yi masa aiki, sai ya rubuta mata kome da lambobi zalla, tun daga farko har ƙarshe. In ya kuskure lamba ɗaya, aikin kwana da kwanaki ya tashi a banza. Cikin waɗanda suka fid da duniya daga wannan wahala akwai wata mata Ba'amurkiya, malamar lissafi, kuma hafsar sojan ruwa, wai ita Grace Hopper. Tarihinta nake so in ɗan gutsura wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Asalinta da Ƙuruciyarta

An haife ta ran 9 ga watan Disamba, 1906, a birnin Niyu Yok na ƙasar Amurka, aka raɗa mata suna Grace Brewster Murray. Sunan nan Hopper na mijinta ne, ta ɗauke shi bayan aure kamar yadda al'adarsu take. Ita ce 'yar fari a gidansu, tana da ƙanwa ɗaya da ƙane ɗaya. Mahaifinta, Walter Murray, dillalin inshora ne. Mahaifiyarta kuwa, Mary, mace ce mai son lissafi ƙwarai, ko da yake a zamaninta ba a cika barin mata su zurfafa a wannan fanni ba. Mahaifin ya yi fama da ciwon jijiyoyin jini har aka yanke masa ƙafafu duka biyu. Ganin halin da yake ciki, sai ya ƙudurta cewa 'ya'yansa mata za su sami ilmi daidai da ɗan'uwansu namiji, don kada su rasa madogara in ba ya nan.

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Tana shekara 7 ta ɗauki agogon tebur mai ƙararrawa ta kwance shi, wai tana so ta ga abin da ke sa shi kuka. Da ta kasa mayar da shi, sai ta ɗauko wani don ta ga yadda aka haɗa shi, shi ma ta kwance. Kafin uwar ta farga, agogo 7 na gidan sun zama tarkace. Uwar ba ta hana ta ba, sai dai ta ware mata agogo ɗaya ta ce ta tsaya a kansa.

Amma kada mai karatu ya zaci kome ya zo mata da sauƙi. Tana shekara 16 ta nemi shiga Kwalejin Vassar, wadda a lokacin ta mata ce zalla, aka ƙi ɗaukarta domin makinta na harshen Latin bai kai ba. Ta koma makaranta ta ƙara shekara guda, sa'an nan aka karɓe ta cikin 1924. Ta fita cikin 1928 da digiri a kan lissafi da kimiyyar fiziks. Daga nan ta zarce Jami'ar Yale, inda ta sami digiri na biyu cikin 1930, da digirin dakta a kan lissafi cikin 1934, a lokacin da matan da ke kai wannan matsayi ba su taka kara sun karya ba. Cikin 1930 ɗin nan ta auri wani malamin adabi, Vincent Hopper. Ba su sami haihuwa ba, suka rabu cikin 1945, amma ta ci gaba da amsa sunansa har ƙarshen ranta.

Tun 1931 ta fara koyarwa a Vassar. Akwai wata ɗabi'a tata ta aji da ya kamata mu riƙe, domin ita ce mabuɗin sauran labarin. Takan sa ɗalibanta su rubuta insha'i a kan ka'idojin lissafi, ta bi ta gyara musu har nahawu. In sun yi gunaguni cewa su lissafi suka zo koyo, takan nuna musu cewa lissafin da mutum ba zai iya bayyana wa wani ba, ba shi da amfani ga kowa.

Yaƙi da Injin Harvard

Ran 7 ga Disamba, 1941, Jafan ta kai hari kan jiragen ruwan Amurka a Pearl Harbor, Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu. Grace ta tashi za ta shiga sojan ruwa, aikin da wani kakanta na nesa ya taɓa yi. Aka ce mata ta haura shekarun ɗauka, ga ta siririya nauyinta bai kai abin da doka ta yanka ba, ga shi kuma ƙasa ta fi bukatarta a aji. Ta dage, ta ɗauki hutu daga kwalejin, ta sami sassaucin dokar nauyi, aka rantsar da ita cikin rundunar ko-ta-kwana a watan Disamba na 1943. A makarantar horon hafsoshi ita ta zo ta ɗaya. Cikin 1944 aka ba ta muƙamin ƙaramar laftana, aka tura ta Jami'ar Harvard ƙarƙashin Kwamanda Howard Aiken.

Abin da ta tarar a can wani ƙaton inji ne da kamfanin IBM ya ƙera bisa tsarin Aiken, ana kiransa Mark I. Tsawonsa ƙafa 51, tsayinsa ƙafa 8, nauyinsa wajen tan 5, wayoyin cikinsa kuwa in an miƙe su sun kai mil 500. Yakan yi tarawa 3 cikin sakan ɗaya, lissafin sau kuma yakan ci masa sakan 6. Wayar da ke aljihun ɗan kasuwa yau ta fi shi sauri nesa ba kusa ba, amma a wancan lokaci abin al'ajabi ne. Ana ba shi umarni ne ta wani dogon ƙyallen takarda mai huji-huji, kowane jerin huji umarni ɗaya ke nan. Dare da rana yana aiki, yana fitar da lissafin saitin manyan bindigogin jiragen ruwa, har ma an yi amfani da shi cikin 1944 wajen wani sashe na lissafin bam ɗin nukiliya. Grace na cikin mutum 3 na farko da suka ƙware wajen rubuta masa umarni.

Wata rana Aiken ya umarce ta ta rubuta littafin da zai bayyana yadda ake sarrafa injin. Ta kawo uzurin cewa ba ta taɓa rubuta littafi ba, shi kuwa ya tuna mata cewa yanzu soja ce. Littafin ya fito cikin 1946, shafinsa ya haura 500, ana kuma lissafa shi cikin littattafan jagora na farko a tarihin kwamfuta. Ba a sa sunanta a bango ba, aka ce aikin ma'aikatan ɗakin lissafin ne baki ɗaya. Duk da haka, halin nan nata na aji ya yi rana, domin baƙon da bai taɓa ganin injin ba yana iya karantawa ya gane.

A Harvard ɗin ne kuma wani abin dariya ya faru. Ran 9 ga Satumba, 1947, injin da ya gaji na farko, watau Mark II, ya sami tangarɗa. Da ma'aikata suka bincika, sai ga wani ƙwaro irin mai bin fitila da dare, wanda muke kira faɗa-wuta, ya maƙale cikin wani makunni. Suka ciro shi suka manna a littafin aikin yau da kullum. Tun zamanin Thomas Edison injiniyoyin Turawa ke kiran matsalar inji da sunan ƙwaro, shi ya sa abin ya ba su dariya, yau ga ƙwaro na gaske. Ba ita ta ciro shi ba, amma ita ta yi ta ba da labarin har ya game duniya. Littafin da ƙwaron na ajiye a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washintan.

Tafintan Kwamfuta

Babban abin da ta lura da shi a Harvard shi ne maimaici. Akwai lissafin da kusan kowane aiki ke bukata. Saboda haka kowane mai rubuta umarni yana da ɗan littafinsa inda yake ajiye guntayen umarnin da ya tabbatar suna aiki, abokai kuma sukan ara su kwafa. Matsalar ita ce ɗan Adam ba gwanin kwafi ba ne. Wani ya mai da 4 wata alama daban, wani ya tsallake layi. Bugu da ƙari, kowane guntu sai an sake lissafa lambobin gurbin da zai zauna cikin injin, nan ma kuskure ba ya ƙarewa.

Bayan yaƙi an ƙi mayar da ita cikakkiyar soja saboda shekaru, Vassar kuma ta yi mata tayin kujerar farfesa ta ƙi karɓa, domin zuciyarta ta riga ta koma ga injin. Cikin 1949 ta tafi Filadalfiya ta kama aiki da kamfanin Eckert da Mauchly, wanda Remington Rand ya saye cikin 1950. Su ne suka ƙera UNIVAC I, kwamfutar da Hukumar Ƙidayar Amurka ta karɓa cikin 1951. Wannan inji da lantarki zalla yake aiki, yana kuma ajiye bayanai a tef irin na rakoda.

Nan ne ta yi tunanin da ya sauya sana'ar. Tun da kwamfuta ba ta gajiya, ba ta kuma kuskuren kwafi, me zai hana a ɗora mata aikin kwafin? Sai ta tattara guntayen umarnin nan ta zuba a tef, ta ba kowanne lambar kira. Mai aiki ya jera lambobin da yake so kawai, injin ya je ya ɗauko su, ya gyara musu gurbi, ya ɗinke su wuri ɗaya. Kamar magini ne da a da sai ya kwaɓa ƙasa ya buga tubali da kansa, yau kuwa ya tarar da tubali a jere, nasa ɗorawa. Ta kira wannan tsari A-0, ta kammala shi cikin 1952. Masana na yanzu suna ganin aikinsa ya fi kusa da tattarawa da haɗawa, amma daga irinsa ne aka kai ga cikakken tafinta, watau manhajar da ke juya rubutun mutum zuwa lambobin da inji ke ganewa.

Gaskiya ita ce ba ita kaɗai ke wannan tunani ba. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, Maurice Wilkes da abokan aikinsa sun tara irin wannan rumbu, har sun buga littafi a kansa cikin 1951. Ita kanta takan yaba wa abokiyar aikinta Betty Holberton, wadda ta riga ta rubuta umarnin da ke haifar da wani umarni. Inda Grace ta yi fice shi ne naci da iya jawo mutane. Da fari an ƙi taɓa abin nata. Wasu suka ce kwamfuta lissafi kaɗai ta iya, wasu gwanaye kuma ba su so sana'ar da suka sha wuya a kanta ta zama ta kowa. Da aka inganta tsarin ya zama A-2 cikin 1953, sai aka raba wa masu sayen UNIVAC shi tare da ainihin rubutunsa, aka roƙe su duk wanda ya yi gyara ya aiko don kowa ya amfana. Mai karatu ya riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga Lambobi Zuwa Kalmomi

Ba ta tsaya nan ba. Ta lura cewa akawun banki da mai lissafin albashi da mai kula da sito ba masana lissafi ba ne, alamomin aljabara tsoro suke ba su. Sai ta kawo shawara a riƙa rubuta umarni da kalmomin Turanci na yau da kullum, irin su karanta, rubuta, kwatanta, tara. Shugabanninta suka ce ba zai yiwu ba, domin kwamfuta ba ta jin Turanci. Ita da mutanenta suka yi samfuri cikin 1955, har suka nuna cewa in an musanya kalmomin da na Faransanci ko Jamusanci, injin zai yi aikin daidai. Dalili kuwa, shi inji ba ruwansa da ma'anar kalma, jerin alamomi kawai yake gani ya daidaita da umarnin da aka ɗaura musu. Wannan harshe shi aka sa wa suna FLOW-MATIC.

Sai wata sabuwar matsala ta taso. Kowane kamfani da nasa harshe, umarnin da aka rubuta wa injin wannan ba ya aiki a na wancan. Ma'aikatar Tsaron Amurka, wadda ke sayen injuna iri-iri, ta ga asarar ta yi yawa. A watan Mayu na 1959 aka yi taro a Fentagon, aka kafa kwamiti don fitar da harshe ɗaya na harkar kasuwanci da ofis. Abin da ya fito shi ne COBOL. Wasu mutane ne suka zauna suka tsara ka'idojinsa, cikinsu har da wata masaniya Jean Sammet. Grace mai ba da shawara ce, amma FLOW-MATIC na cikin manyan tushen da aka ɗora shi a kai, ita ce kuma ta yi ta yawo tana tallarsa, har aka yi mata laƙabi da Kakar COBOL. A watan Disamba na 1960 aka ɗauki umarni ɗaya aka gwada a injin UNIVAC da na kamfanin RCA, duka suka yi aikin. Har yanzu bankuna da hukumomi da yawa a duniya suna amfani da COBOL. Cikin 2020, lokacin annobar korona, sai da gwamnan jihar New Jersey ya fito yana cigiyar waɗanda suka iya shi, don injunan biyan marasa aikin yi sun kasa ɗaukar yawan masu nema.

Tsufanta da Rasuwarta

Cikin 1966 aka yi mata ritaya daga soja tana shekara 60, da muƙamin kwamanda. Ba a yi shekara ba aka sake kiranta cikin 1967, wai aikin wata 6, don ta daidaita yadda rundunar ke amfani da COBOL. Wata 6 ɗin nan sai da ya zama kusan shekara 19, in ban da ɗan hutun da ta yi tsakanin 1971 da 1972. Ita da ma'aikatanta suka tsara gwaje-gwajen da ke tabbatar da cewa tafintan kowane kamfani ya bi ka'ida. Ta zama kyaftin cikin 1973, kwamado cikin 1983, riya admiral cikin 1985. Ran 14 ga Agusta, 1986, ta yi ritaya ta ƙarshe a kan tsohon jirgin yaƙin nan USS Constitution a Bostan, tana shekara 79, babu hafsan da ya kai ta shekaru cikin masu aiki a rundunar.

Duk tsawon wannan lokaci ba ta bar malanta ba. In za ta yi lacca takan zo da guntayen waya masu tsawon inci 11.8, watau wajen santimita 30, ta rarraba wa jama'a. Wannan shi ne iyakar nisan da haske ko saƙon lantarki zai iya ci cikin kashi ɗaya bisa miliyan dubu na sakan. Sa'an nan ta ɗaga wani naɗin waya mai ƙafa 984, tafiyar kashi ɗaya bisa miliyan ke nan, don masu rubuta umarni su ga abin da suke zubarwa in sun yi sakaci. A ofishinta kuma akwai agogon bango mai tafiya da baya, ga shi kuwa yana ba da lokaci daidai. Ta rataye shi ne don maganin masu ƙin sabon abu da hujjar cewa haka aka saba. Ta sha faɗi cewa bayan tafintan kwamfuta, ba abin da take alfahari da shi kamar matasan da ta horar.

Bayan ritaya ta yi aikin ba da shawara a kamfanin Digital Equipment. Cikin 1991 aka ba ta lambar fasaha ta ƙasa. Ta rasu ran 1 ga Janairu, 1992, tana shekara 85, aka binne ta a maƙabartar sojoji ta Arlington. An sa wa wani jirgin yaƙi sunanta, USS Hopper, wanda ya fara aiki cikin 1997. Cikin 2016 Shugaba Barack Obama ya ba ta lambar girma mafi daraja ta farar hula, cikin 2017 kuma Jami'ar Yale ta sa wa ɗaya daga kwalejojinta sunanta.

Abin da Ta Bar Mana

In muka duba abubuwan da masu rubuta manhaja ke dogara da su a intanet yau, za mu ga iri uku ne, kowanne kuwa da sawunta a kai. Na farko littattafan jagora, kamar MDN na kamfanin Mozilla, inda mai gina shafi ke duba ka'idojin HTML da JavaScript. Aikinsu ɗaya da littafin 1946. Na biyu rumbunan guntayen umarni, inda mai rubutu da harshen Python ko waninsa zai kira sunan abin da yake so da layi ɗaya ya zo masa, kamar dai lambar kira a tef ɗin UNIVAC. Na uku wuraren ajiya irin su GitHub, wanda aka buɗe cikin 2008, inda mutum ke baje rubutunsa, wani a wata ƙasa ya gyara ya maido. Abin da aka roƙi masu sayen A-2 ke nan cikin 1953. Ba ita ta gina waɗannan wurare ba, dubban mutane ne suka yi, amma al'adar da suka tsaya a kanta tana cikin waɗanda suka dasa ta.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, in mun ɗebi wani abu daga rumbunan nan, mu karanta bayaninsa mu gane yadda yake aiki kafin mu liƙa shi a namu, domin mai kwafi a makance ba ya iya gyara in abu ya lalace. In mun rubuta namu, mu yi masa bayani a fili yadda na bayanmu zai fahimta, kada mu raina darasin insha'i don muna ajin kimiyya. In kuwa mun gano wata dabara, mu koya wa abokanmu, kada mu ɓoye.

Ku kuma iyayenmu, muna roƙo ku dubi gidan su Grace. Yarinya ta ɓata agogo 7, aka bar mata ɗaya ta ci gaba da bincike. Ta faɗi jarrabawa, aka mai da ita aji ta sake shiri. Uba yana fama da kansa, bai ce karatun 'ya mace ya isa haka ba. Da an yi mata akasin wannan a ɗaya daga wuraren nan uku, da wataƙila ba mu san sunanta ba. Nan zan dasa aya.